A Taimaki Masu Rufa Asirin Matan Ruma Da Safana

Duk wanda ya san ƙasar Ruma, tun daga Karare da Wagini har ya gangara Runka da Zakka a ƙasar Safana, ya san ba yau mutanen wurin suka fara barci da ido ɗaya ba. Dajin Rugu yana yamma da su, kuma an fi shekara goma abin da ke fitowa daga cikinsa ba alheri ba ne. A watan Mayu na 2019 aka kashe manoma 18 a 'Yargamji, har 'yan'uwansu suka ɗauko gawarwakin suka kawo birnin Katsina don mahukunta su gani da idonsu. Ran 14 ga Fabrairu, 2020, aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. Bayan wata biyu aka kashe 47 a ƙauyukan Safana da Dutsin-ma da Ɗanmusa. Waɗannan an ƙidaya su, an yi musu salla, an binne. Allah ya ji ƙansu.

Amma akwai waɗanda ba a ƙidaya ba, su ne dalilin maganarmu ta yau. Muna nufin mata da 'yammata waɗanda aka kora daji kamar dabbobi, aka yi musu abin da baki ba ya iya faɗa, sa'an nan aka sako su bayan dangi sun sayar da gona da bisashe sun biya fansa. Su kansu ba su so a ƙidaya su, don sun san abin da ke jiransu a gida. Wata mijinta ya ƙaurace wa ɗakinta. Wata an fasa aurenta ana saura kwanaki. Wata ta komo da ciki, an rasa mai zuwa barka.

A da, tsegumi iyakarsa bakin rijiya da gidan biki, in an watse ya mutu. Yanzu kuwa ya sami doki, watau wayar hannu. Ran da aka sako mace, ga ta ba takalmi, ba mayafin kirki, sai ka ga wayoyi sun yi mata caa. Kafin ta sha ruwan gidansu hotonta ya zaga WhatsApp da Facebook, wani saurayi da bai taɓa ganin Batsari ba yana kwance a Legas yana rubuta mata maganar da ba zai so a rubuta wa ƙanwarsa ba. Har ila yau, ɓarayin nan da kansu su kan ɗauki hoton waɗanda su ke tsare da su, su aiko don hankalin dangi ya tashi, kuɗi ya fito da sauri. To, wanda ya karɓi wannan hoto ya tura wa mutum ɗari, da sunan wai jama'a su gani su yi addu'a, ya sani dako ya yi wa ɓarawo, ba ko kwabo.

Kada wani ya ce maganin abin a toshe waya. An gwada. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta sa aka yanke layin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana. Talaka ya rasa yadda zai kira ɗan'uwansa, ɗan kasuwa ya yi hasara, daga baya aka maido da layi, ɓarayi kuwa suna nan. Laifin ba na waya ba ne, na hannun da ke riƙe da ita ne.

Doka kuma akwai ta. Tun 2015 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar hana cin zarafin mutane, amma sai a watan Disamba na 2023 ta zama doka a Jihar Katsina, shekara takwas ke nan ana jan ƙafa. A 2015 ɗin nan kuma aka kafa dokar laifuffukan intanet. Mun ga yadda a ke hanzarin ɗauko ta in ɗan jarida ko wani yaro ya taɓa babban mutum. Muna so mu ga irin wannan hanzari ran da aka watsa hoton 'yar talaka.

To, wa ya tsaya wa matan nan? Sa'ad da mutanen ƙauyuka suka gudo garin Batsari suka cika azuzuwan makarantar firamare, mutanen gari ne suka fara ɗora tukunya tun motar gwamnati ba ta iso ba. 'Yan agajin ƙungiyoyin addini da na Red Cross su ne masu ɗaukar marasa lafiya da gawa. Akwai ungozomomi da matan malamai da malaman asibiti mata, waɗanda ke karɓar yarinya da dare, su wanke ta, su ba ta zane, gari ya waye ba wanda ya ji. Akwai ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN, wadda aka kafa tun 1985. A Kano kuma akwai cibiyar CITAD, wadda ta daɗe tana bin sawun zage-zage da cin mutuncin mata ta hanyar waya, tana wayar wa jama'a kai. Yawancin masu wannan aiki ba su da albashi, ba su da mota, ba a kiran sunansu a rediyo.

Da can ana dogara da kuɗin Turawa, yanzu wannan rijiya ta fara ƙafewa. A 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, waɗansu ƙasashe kuma suka rage nasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da labari cewa cikin wata shida na farkon 2025 yara 652 suka mutu a wuraren da ta ke jiyyar tamowa a Jihar Katsina. In abincin jariri ya gagara, wa zai tuna da macen da ciwonta ba ya nunuwa? Sabo da haka nauyin ya komo wuyammu, mu 'yan ƙasa.

Amma fa a lura, ba kowane mai rabo ne mai taimako ba. Mun gaji da ganin masu mudu biyu na gero da hoto ɗari. A tara zawarawa da marayu a rana tun hantsi, a jira mai girma har azahar, a ɗora wa mace ƙunshin shinkafa a ka, a ce ta dubi na'ura, gobe a ga fuskarta a kowace waya da sunan wane ya yi abin kirki. Wannan ciniki ne, kuma ita aka ƙwara. Ba mu ware kowace jam'iyya daga wannan hali ba. In ƙungiya ta zo neman gudummawarka, tambaye ta ko tana ɗaukar hoton waɗanda ta ke taimako, ko akwai mace cikin masu karɓar kuka, ko kuma za ta iya karanta lissafin kuɗinta a gaban jama'a. Wadda ta amsa da kyau, ba ta da hannu biyu. Wadda ta fara kame-kame, riƙe abinka.

A 2025 an yi zaman sulhu da 'yan daji a Jibiya da Batsari da Safana, an sako waɗansu da a ke tsare da su. Mun yi murna da kowane rai da ya komo gida. Sai dai a irin wannan zama maza ne ke kan tabarma, maganar kuwa ta bindiga ce da kasuwa da burtali. Muna roƙon Sarkin Ruma da Yariman Katsina, da dagatansu da limaman Jumma'a, su faɗa da babbar murya cewa matar da aka ɗauka da ƙarfi ba ta yi laifi ba, mijin da ya riƙe ta ya yi halin maza, wanda kuma ya watsa hotonta a kira shi gaban dagaci kamar yadda a ke kiran wanda ya sa wa gona dabbobi.

Ga 'yan kasuwa da ma'aikata 'yan asalin wannan ƙasa da ke zaune Katsina da Kano da Kaduna da Kurmi, abin da a ke bukata bai fi ƙarfinku ba. Likitoci sun ce macen da aka yi wa fyaɗe, in ta sami magani cikin kwana uku, ana iya tsare ta daga cuta mai karya garkuwar jiki, in an wuce haka maganin ba ya aiki. Sau da yawa abin da ke tsakaninta da asibiti kuɗin mota ne, da wata dattijuwa da za ta raka ta. A kowace mazaɓa, a fara da Karare, a sami mata biyu amintattu, a damƙa musu wannan kuɗi tun kafin bukata ta taso, a kuma bar musu sunayen waɗanda suka raka a cikinsu.