Fari ya zo ko fari sun zo? Inda wayarka ke tuntuɓe

A Turanci, kalmar "axes" jam'i biyu ce cikin riga ɗaya. In gatura ake nufi, sai a gajarta ƙarshenta. In layukan jadawalin lissafi ne, sai a ja shi. Haka ma "bases". Manhajar da ke karanta rubutu da murya sai ta leƙa kalmomin da ke gefe kafin ta zaɓa, kuma takan dace, don an ƙosar da ita da Turanci.

To namu ya fi nasu yawa, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Mata" matar aure ce, kuma jam'in mace ne. "Baƙi" launi ne, kuma jam'in baƙo ne. Wadda ta fi damuna ita ce "fari": launi ne, rashin ruwan sama ne, kuma jam'in fara ne.

Ɗauki manomin masara a Funtua ko Malumfashi da bai iya karatun boko ba, wayarsa ce ke karanta masa saƙo. An turo masa "fari a Bakori". Feshi zai nema, ko shukar ce zai jinkirta? A cikakkiyar jimla ba ruɗu: fari ya zo, fari sun zo. Amma saƙon waya gajere ne, kuma "ya" da "sun" ɗin ake fara yarwa.

Wasu na cewa mu riƙa sa alamomin karin sauti kamar Yarabawa. Ban yarda ba. Wa zai tsaya yin haka a WhatsApp? Ai ko ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ muna ƙyuyar sawa, alhali Gboard na da allon Hausa kyauta. In ka rubuta "baki" ba ƙugiya, ka ƙara wa manhaja ma'ana ta uku.

Nauyin yana kanmu masu rubuta manhaja. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, amma fassara daban, furuci daban. Duk mai haɗa manhajar saƙon noma, ya tura cikakkiyar jimla, in da hali ma da muryar mutum. Kai kuma mai waya, Common Voice na Mozilla na karɓar muryoyin Hausa. Shiga ka karanta musu jimla goma da harshenka na Katsinanci.