Kafin ka kai kwamfutarka a ɗora mata Windows 11



Maganar da nake son mu yi yau ta kwamfutar gida ce, wadda yawancinmu muka saya ta hannu, tokumbo, aka ajiye a ɗaki yara na koyon buga rubutu, mai gida kuma na adana lissafin kaya da sunayen masu bashi a ciki. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025. Ma'anar haka ita ce kwamfutar za ta ci gaba da tashi tana aiki, amma gyaran da ake aiko mata kyauta kowane wata domin toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi ya tsaya. An buɗe wani shiri na ƙarin wa'adi ga masu amfani a gida, wanda iyakarsa Oktoba 2026, kuma sai wanda ya yi rajista. Haka aka yi wa XP a 2014, aka yi wa Windows 7 a Janairun 2020.

To ni ra'ayina shi ne, wanda kwamfutarsa ta cika sharuɗɗa ya hau Windows 11 ba tare da jinkiri ba, tunda kyauta ne idan Windows 10 ɗinsa na asali ne. Wanda tasa ba ta cika ba kuwa, kada ya yarda a cusa mata da ƙarfi.

Matsalar tamu a sharuɗɗan take. Windows 11, da ya fito a Oktoban 2021, yana buƙatar RAM gigabait 4 da wurin ajiya gigabait 64, waɗannan ba su da wuya. Masu wuyar su ne wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma injin kwamfutar kansa, wanda idan na Intel ne kusan dole ya kasance daga zubi na takwas zuwa sama. Zubi na takwas ɗin nan a 2017 ya fara fitowa. Ku duba kuwa irin kwamfutocin da ake jibge mana daga Turai da Amurka, da yawansu ofisoshi ne suka sallame su saboda wannan dalilin. Mutum zai shiga Computer Village a Ikeja a nuna masa laftof fes, a ce "Core i7 ce Alhaji", ya ji daɗi ya biya, alhali sunan i7 kaɗai bai gaya masa shekarunta ba. Lambar da ke bayan sunan ake dubawa. Idan ka ga i7-6600U, zubi na shida ce, ba ta cikin lissafi. Idan ka ga i5-8250U, ta takwas ce, ta wuce, duk da cewa sunanta ya fi ƙanƙanta. Daga zubi na goma kuma lambobi biyu na farko ake karantawa. Microsoft na da wata ƙaramar manhaja kyauta, PC Health Check, da za ta faɗa maka eh ko a'a cikin minti ɗaya.

Na san abin da wasu za su ce, ai masu gyara sun iya tsallake wannan binciken, kuma ga shi tana aiki lafiya. Gaskiya ne, sun iya, na ga da yawa da aka yi wa haka. Amma kamfanin ya faɗa a fili cewa bai yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan kwamfutar gyara ba. Kenan ka biya kuɗin aiki don ka samu tsaro, ka koma gida da sabon fenti kawai. Abin da ya fi damuna ma shi ne inda ake samo kwafin da ake ɗorawa. Filashi ɗaya ya zaga kwamfuta ɗari, babu wanda ya san abin da aka haɗa a ciki, sannan kai a kanta kake shiga asusun banki. Mu 'yan kasuwa ne, Baba ba zai taɓa ba baƙon da bai sani ba makullin shago ba, ban ga dalilin da zai sa mu yi haka da kwamfuta ba.

Wanda ke ganin tsoro ne kawai ake ba mutane, ya tuna 2017, lokacin da cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama har da asibitocin Ingila, tana neman kuɗin fansa. An riga an fitar da maganin tun watanni biyu kafin nan, waɗanda ba su ɗora ba su ta kama.

Ita tsohuwar kwamfutar ba shara ba ce. Idan lissafi kawai ake yi a kanta, a cire ta daga intanet ta ci gaba da aikinta, harkar banki a mayar kan waya. Idan ta yara ce, akwai Linux Mint, kyauta ne, ba ya neman TPM, yana zuwa da Firefox da LibreOffice da ke buɗe takardun Word da Excel. Sai dai ɗan makarantar da ake koya wa CorelDraw zai sha wahala, don ba ya tafiya a kansa kai tsaye.

Ko wacce hanya ka zaɓa, ka fara kwashe takardunka da hotuna zuwa filashi biyu tukuna, ka buɗe su a wata kwamfutar ka tabbatar sun kwafu, domin wasu masu gyara goge komai suke fara yi kafin su tambaye ka. Saukar da Windows 11 na cin data fiye da gigabait 5. Idan ta tebur ce marar batir, a tanadi janareta da mai kafin a fara, kada a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki.