Waken Zariya da manoman Tasawa da Mayahi: wa zai yanke shawara a kan iri?

A watan Disamba na 2019, Najeriya ta amince da noman wani irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda masana na cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka samar. An sanya masa ƙwayar halittar wata bakteriya ta ƙasa, domin ya kashe tsutsar Maruca da ke cinye fure da kwanson wake. Masu aikin sun ce manomi zai iya rage feshin magani daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu a damina.

Maganar ta shafi jihar Maraɗi kai tsaye. Nijar ce ke bin Najeriya a yawan noman wake a duniya, kuma a gundumomin Tasawa da Mayahi gero ne abinci, wake ne kuɗi. Kudancin Tasawa na iyaka da jihar Katsina, iri kuwa ya saba ƙetare iyaka a cikin buhu ko a ƙullin zane. Da ido ba a bambance wannan wake da na gida. Ke nan manomin Korgom na iya shuka shi ba tare da ya san abin da ya shuka ba.

Abin da masanin Jamus ya hango

Peter Sloterdijk, masanin falsafa ɗan ƙasar Jamus, ya yi suna da littafin da ya fitar a 1983 a kan ɗebe tsammani. A ganinsa, mutumin zamani ya gane yaudarar da ke cikin alkawuran shugabanni, amma ya ci gaba da tafiya a kanta, don ya yanke cewa babu wata mafita. Bahaushe na da kalmarsa a kan wannan hali: duk kanwar ja ce.

A 1999 ya gabatar da wata lacca a Elmau, inda ya ce fasahar sauya ƙwayoyin halitta ta riga ta iso hannun ɗan Adam, saboda haka dole a zauna a tsara wanda zai kafa mata ƙa'ida. Laccar ta tayar da ƙura a Jamus, ƙasar da ba ta manta da yunƙurin 'yan Nazi na tace jinsin mutane ba. A kan halittar mutum ya yi magana, amma tambayar tasa ta dace da gona: in ba a yanke shawara a fili ba, kasuwa za ta yanke ta a ɓoye.

Dalilin ɗari-ɗari

Manoman Sahel na da hujjar yin taka-tsantsan. Burkina Faso ta rungumi audugar da aka sauya wa halitta a 2008, ta watsar da ita a 2016 bayan zaren ya gajarce, darajarsa ta faɗi a kasuwa. A watan Agustan 2025 kuma ta dakatar da shirin Target Malaria na sauron da aka sauya wa halitta. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Sai dai wasu zarge-zargen ba su hau kan wannan wake ba. Ba a biyan kuɗin haƙƙin mallaka a kansa, kuma manomi na iya ajiye iri ya sake shukawa baɗi. A ɗaya ɓangaren, shi ma ba maganin kome da kome ba ne. Maruca ta fi ɓarna inda ruwa ya fi yawa, yayin da a Mayahi ƙarancin ruwa, ƙwari masu tsotsar ganye da masu huda wake a rumbu ke cikin manyan matsaloli, kuma ƙwayar da aka sanya ba ta taɓa su.

Inda fata ya taɓa yin tsiro

Jihar Maraɗi ta san yadda sabon abu ke karɓuwa. Daga shekarun 1980, manoma suka fara sassaben zamani, wato barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona ana yi musu aski. Masu bincike sun ƙiyasta cewa hekta kusan miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar ta wannan hanya. Buhun PICS mai ruɓi uku, da ke adana wake ba tare da guba ba, shi ma ya bazu bayan 2007, saboda an buɗe buhunan a gaban jama'a kowa ya ga wakensa lafiya lau. A duka biyun, manomi ya gwada da hannunsa kafin ya yarda.

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hukumomin Yamai na yawan maganar 'yancin kai a fannin abinci. Iri na cikin wuraren da za a auna wannan magana. Nijar ta shiga yarjejeniyar Cartagena, wadda ta ba ƙasa damar tantance irin waɗannan halittu kafin su shigo, tana kuma da cibiyar INRAN da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi. Abin da ya rage shi ne a samar da na'urar gwaji a kan iyaka, a bayyana sakamakon bincike da Hausa a gidajen rediyon karkara, a kuma saurari ƙungiyoyin manoma da matan da ke sarrafa wake. In aka yi haka, ko an karɓi waken ko an ƙi shi, manomin Tasawa zai san abin da ke cikin tiyar da ya saya a kasuwa.