Shirun Yaro a Kujerar Likitan Haƙori

A shekarar 1969 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Norman Corah, ya fito da tambayoyi huɗu don auna fargabar da mutum ke ji game da likitan haƙori. A 1982 Cuthbert da Melamed suka tsara na yara, mai abubuwa 15, kowanne da maki ɗaya zuwa biyar, jimilla daga 15 zuwa 75. Waɗannan ma'aunai sun yi amfani a inda aka haife su. Kuskuren shi ne a fassara su kalma da kalma, a kai su ƙauyukan Dambatta, Makoɗa ko Kunci, sannan a ɗauki lambar da ta fito a matsayin gaskiya.

A duba abin da ma'aunin 1982 yake tambaya: tsoron ganin injin da ake ƙwaƙule haƙori da shi, tsoron ƙararsa, tsoron a sa wa yaro kayan aiki a baki. Yarinya 'yar shekara goma da ta tashi tsakanin gonakin gero da dawa a arewacin Kano, wadda ba ta taɓa ganin kujerar likitan haƙori ba, me za ta ce? Za ta ce ba ta tsoro, domin ba ta san abin ba. Mai bincike ya rubuta maki ɗaya. Rashin sani ya shiga takarda da sunan kwanciyar hankali.

Sai kuma tarbiyya. Ɗan Bahaushe ana yabonsa da dauriya tun yana ƙarami; wanda bai yi kuka a hannun wanzami ranar kaciya ba, shi ne namiji. Yarinya kuwa ana koya mata sunkuyar da kai a gaban baƙo. To a ce wani babba mai farar riga ya tambayi saurayi ɗan shekara goma sha huɗu, mahaifinsa na tsaye a kansa, ko yana jin tsoron allura. Amsar sananniya ce kafin a buɗe baki. Ma'aunin Frankl na 1962, wanda likita ke cikawa bisa abin da ya gani, ya ƙara dagula lamarin, saboda yaron da ya zauna ya bi umarni yana samun shaidar haɗin kai. Amma yaron da tsoro ya sandarar da shi ma haka yake zama. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, sai dai wannan fuska an riga an hore ta ta ɓoye labarin.

Masu kare waɗannan ma'aunai suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce: ma'auni ɗaya ne ke ba da damar kwatanta Kano da sauran duniya. Gaskiya ne, amma kwatanci yana da amfani ne idan abu ɗaya ake aunawa. Hausa ta bambanta tsoro da fargaba, da firgita, da kunya, da ɗari-ɗari. Fassarar da ta zuba su duka a ƙwarya ɗaya ba ta auna ko ɗayansu ba. Ma'aunin fuskoki biyar na Buchanan da Niven, na 2002, ya rage buƙatar karatu, amma bai kawar da idon uba ba.

Abin da ya fi muni shi ne yadda ake amfani da kalmar tsoro wajen ɗora laifi a kan talaka. In yaro ya iso da kumburarren kunci, sai a ce tsoro da jahilci ne suka hana a kawo shi da wuri. Ba a lissafa kuɗin mota zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko yinin noma da uba zai rasa a tsakiyar damina. Ana fara jarraba kanumfari da ruwan gishiri ne domin su ke kusa. Kafin a isa asibiti haƙorin ya lalace, saura cirewa. Haɗuwar yaro ta farko da likita ta zama ranar jini da zafi, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Tsarin ne ya haifi tsoron, sannan ya dawo da takarda yana auna shi.

Jinkiri a ciwon baki ba wasa ba ne. Cutar noma, wadda aka kafa wa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin cututtukan da aka yi watsi da su a Disamban 2023, daga kumburin dasashi take farawa.

Tsangayar koyar da likitancin haƙori ta Jami'ar Bayero ita ta fi cancanta ta gina ma'aunin Hausa daga kalmomin yaran kansu. A tambayi yaro ba a gaban mahaifinsa ba, a haɗa amsarsa da bugun zuciyarsa da abin da mahaifiyarsa ta gani daren jiya. A kai duba haƙori makarantun firamare da na allo, domin yaro ya fara saduwa da likita a ranar da ba abin da ke masa ciwo. Kafin a yi haka, duk takardar da ta ce yaran karkara ba su da tsoro, kunyarsu ta auna.