Masu Ciwon Suga, A Yi Hattara Da Azumin Rage Ƙiba

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja kunnen 'yan'uwana masu ciwon suga, musamman irin wanda ya fi kama manya, wato nau'i na 2. Wata magana ce ta game gari, wai idan mutum ya riƙa barin cikinsa da yunwa awa 16 kullum, ya ci abincinsa a cikin awa 8 da suka rage, to ya rabu da shan magani.

Ni dai na gwada, kuma na ji a jikina. Ban shawarci kowa ba, na sha ƙwayata ta glibenclamide da safe kamar kullum, na ƙi karyawa, na fita kasuwa. Kafin azahar gumi ya keto mini, hannu na rawa, ido na ganin duhu. Ba don maƙwabcin rumfata ya ba ni ruwan suga ba, da yanzu wani labarin ake yi. Likita ya yi mini faɗa sosai, ya ce wannan ƙwaya da allurar insulin ba ruwansu da ko ka ci ko ba ka ci ba, saukar da suga kawai suke yi.

Ba wai na ce maganar ƙarya ce tsagwaronta ba. A wani bincike mai suna DiRECT da aka yi a Birtaniya, aka fitar da sakamakonsa a 2017, mutum 46 cikin 100 na waɗanda aka rage wa abinci sosai sugansu ya daidaita ba magani bayan shekara ɗaya. A cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa, 86 cikin 100 ne. To amma fa a lura, ba azumi aka sa su ba, kuma ma'aikatan lafiya na sa musu ido, sannan ciwon nasu bai wuce shekara 6 da ganowa ba. Ashe sirrin yana wajen rage ƙiba, don kitsen da ya taru a hanta ya narke. Yunwa hanya ce kawai daga cikin hanyoyi.

A nan ne gizo ke saƙar, Malam Edita. Da yawanmu muna azumin Litinin da Alhamis, amma da an kira magariba sai kunu ya sha suga, ga ƙosai, ga lemon kwalba, a ɗora da tuwo malmala uku. An yi ba a yi ba ke nan. Sannan wanda ya daure ya ɗan faɗa, sai mu dame shi da "lafiya kuwa?", domin mun ɗauki tumbi alamar jin daɗi. Haba jama'a!

Saboda haka duk mai son gwadawa ya fara ganin likitansa a daidaita masa magani, kada ya yanke shi da kansa. Ya kuma riƙa awon suga, in ya sauka ƙasa da 70 ya ci wani abu mai zaƙi nan take. Ni yanzu malmala ɗaya nake ci da miyar ganye, ina kuma taka ƙafa zuwa kasuwa.

Allah ya ba mu lafiya, amin.

Naka,
Wani ɗan kasuwa mai ciwon suga, Zariya.