Tambarin mota da maƙeran Sakkwato: Ina gizo ke saƙar?

Kwanakin baya na je ɗaurin aure a cikin garin Sakkwato, na ajiye mota a bakin titi. Ko da na fito sai na tarar an ɓanɓare tambarin da ke gabanta, ba abin da aka bar min sai ramuka biyu. Na zagaya shagunan kayan gyaran mota, kuɗin da aka faɗa min ya sa na yi shiru, kuma ban tsira daga zargin cewa wanda ake son sayar min ɗin ma daga motar wani bawan Allah aka ciro shi ba. Daga ƙarshe bakanikena ya raka ni wurin wani maƙerin fari, wanda ya dubi ramukan ya ce, "Alhaji, in ka aro muna na asali, za mu zuba maka irinai."

Na zauna na kalli aikin, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Ɗansa ne ya fara, ya lulluɓe tambarin aro da robar silikon, da ta daskare ya zare shi, siffarsa ta zauna daram a ciki. Ya narka kakin zuma ya zuba, sai ga tambari na kaki. Daga nan uban ya karɓa, ya shafe kakin da yumɓu ya bar 'yar ƙofa, ya shanya, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya kwarara narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Da ta huce aka fasa yumɓun, aka goge. Silikon ɗin ne kaɗai baƙo a nan, amfaninsa kuwa shi ne a fitar da kaki goma ko ashirin daga asali guda. Sauran aikin tsoho ne ƙwarai. Da wannan dabara aka yi kayan tagullar Igbo-Ukwu tun wajen ƙarni na 9, da kawunan Ife da na Benin, kuma da ita maƙeran Buzaye ke zuba shahararriyar sarƙar nan ta Agadas.

Ko shakka babu, matsin tattalin arziki ne ya maido da mu ƙofar maƙera. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki Naira a watan Yuni, Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi, har da ɗan tambarin da bai kai tafin hannu ba. Ƙasar da ta fara haɗa Peugeot a Kaduna tun 1975, ta aza harsashin kamfanin ƙarafa na Ajaokuta wanda har yau bai kankama ba, ita ce ke jiran jirgin ruwa ya kawo mata marfin tanki.

To amma kada daɗin labari ya ɗebe mu. Tambarina ya yi kyau, sai dai ƙafafunsa ba su shiga ramukan ba sai da aka sha gurza, domin ƙarfe na tsukewa idan ya huce, kuma maƙerin da ido yake aunawa. A kan tambari wannan ba komai ba ne. Abin da ke ba ni tsoro shi ne ranar da mai mota zai ce a zuba masa wani abu da ya shafi birki ko sitiyari, daga narkakkun gwangwanaye da tsofaffin fistin da ba wanda ya san haɗinsu. Ƙaramin kumfa a cikin ƙarfen ya isa ya karya shi a kan hanyar Gusau. Haka kuma sababbin motoci da yawa na ɗauke da na'urar hango abin da ke gaba a bayan tambarin, wadda ƙarfe ke toshe ta. Mai irin wannan mota ya nisanci zubi.

Sai batun dalma. Tana narkewa da wuri, wajen digiri 327, alhali sanholo sai ya kai 660, tagulla kuma ta haura 900, saboda haka mai ƙarancin gawayi yakan so ta. A tsakar gida ake wannan aiki, kusa da murhu da yara. Mu da ke maƙwabtaka da Zamfara, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Akwai kuma haƙƙin mai tambari: ka maye gurbin naka da aka sace daban, ka zuba ɗari ka sayar da sunan na kamfani daban.

A ganina, gizo na saƙar ne a ratar da ke tsakanin mai hannu da mai takarda. Unguwar Maƙera Assada na nan da sunanta da tarihinta, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ma na nan, duk a gari ɗaya, amma da wuya ka ji injiniya ya zauna a gaban zugazugi. Mu 'yan boko mun fi son a kira mu taron bita a otel. Mutanen Nnewi da na Suame a Kumasi ba da manyan masana'antu suka fara ba, da irin waɗannan rumfuna suka fara, suka riƙa ƙara injin gurza da ma'auni.

Abin da nake roƙon gwamnatin jiha bai kai kuɗin gadar sama ba. A ware wa masu zubi wuri guda a wajen gidajen kwana, da tanderu na tarayya, da ɗakin gwajin ƙarfe a kwalejin, inda maƙeri zai kai samfur a gaya masa abin da ke ciki. A tura ɗaliban injiniya su yi watanninsu na koyon aiki a can, su koyar da awo, su koyi wuta. A kuma zauna da Sarkin Maƙera a fayyace abin da za a iya zubawa, kamar tambari da marfi da mariƙin ƙofa, da abin da ba za a taɓa ba sai an gwada.

Da zan tafi na tambayi yaron inda ya koyi aikin silikon, ya nuna min wayarsa. Ya ce burinsa ya sami ma'aunin zafi, domin har yanzu da launin wuta babansa ke gane ƙarfe ya nuna.