Baƙon sararin samaniya da shari'ar gawo

A shekarar 1951 wani ɗan Amurka, Robert Wise, ya fito da silima mai suna The Day the Earth Stood Still, wato ranar da duniya ta tsaya cik. A ciki wani baƙo, Klaatu, ya sauko daga wata duniya don ya gargaɗi bil'adama a kan makaman ƙare-dangi. Da aka sake yin silimar a 2008, tare da Keanu Reeves, laifin ya canza: ɗan Adam na kashe ƙasa, don haka a kawar da shi, a ceci dabbobi cikin wasu manyan ƙwallaye, kamar jirgin Annabi Nuhu.

Hukuncin ya zo da siffar ƙananan ƙwari na ƙarfe masu cinye duk abin da suka tarar. Manomin Kiyeshe ba ya bukatar tafinta a nan; Nijar ta ga farin ɗango a 1988 da 2004. Daga ƙarshe baƙon ya yi afuwa, amma ya kashe wutar lantarkin duniya baki ɗaya. Wannan horo, in an auna, bai kai ga mai noma da hauya a Dallol Mawri ba.

Ga inda silimar ta yi rauni. Ta haɗa mai masana'anta da matar da ke neman itacen girki a shari'a ɗaya, alhali hayaƙin da Nijar ke fitarwa bai taka kara ya karya ba. Amma Arewa ba ta fita fes ba. Sassabe da saran itace sun rage daji, kuma kowane falke ya san inda kayan itacen da ake kai wa Dogondutsi ke fitowa.

Da baƙon ya nemi shaida, da ya samu. Bayan farin 1984, manoman jihar Maraɗi, da taimakon Tony Rinaudo, suka fara barin tohon kututture ya girma cikin gona. Wannan shi ne sassaben zamani, wanda ya rayar da kimanin hekta miliyan 5. Gawo kuwa, da ke kaɗe ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya fi samun kariya tun da manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. Dokar daji ta 2004 ta ƙarfafa wannan haƙƙi.